Faɗuwar 2002 da Dawowar 2012: Nazarin Lamarin Wata 'Yar Siyasar Hawai Haifaffiyar Japan

## Lamarin a taƙaice

Ranar 5 ga Nuwamba 2002, mataimakiyar gwamnan jihar Hawai ta Amurka ta sha kaye a zaɓen gwamna. Kwana biyu ke nan da cikarta shekara 55, kuma tun da ta fara tsayawa takara a 1980 ba ta taɓa faɗuwa zaɓe ba. Kayen bai tsaya a kanta ita kaɗai ba, domin a hannunta jam'iyyar Dimokurat ta rasa kujerar da take riƙe da ita tun 1962, shekara 40 cur. Bayan shekara goma ta sake karawa da matar da ta kayar da ita, wannan karon a kan kujerar majalisar dattawan Amurka, ta kuma ba ta ratar kashi 25 cikin ɗari. Wannan nazari ya bi sawun abin da ya faru tsakanin waɗannan ranaku biyu, da abin da ya gabace su, da abin da ya biyo baya. An sakaya sunan mai lamarin, amma sauran 'yan siyasar da suka shigo cikin labarin an ambace su da sunayensu.

## Daga Fukushima zuwa Honolulu, 1947 zuwa 1959

An haife ta ranar 3 ga Nuwamba 1947 a gundumar Fukushima da ke arewa maso gabashin Japan, shekara biyu bayan ƙasar ta miƙa wuya a yaƙin duniya na biyu. Mahaifiyarta haifaffiyar Hawai ce. Kakanninta na wajen uwa suna cikin dubban Japanawan da aikin gonakin rake ya kai tsibiran, ƙaurar da ta kankama tun 1885, daga baya suka tattara iyali suka koma gida kafin yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu. A Japan mahaifiyar ta yi aure. Mijin likitan dabbobi ne, amma giya da caca sun cinye shi, har kayan gida ba su tsira ba. Wata 'yarsu ta rasu da ciwon nimoniya tana 'yar shekara biyu, a gida, ba ta samu zuwa asibiti ba.

Yarinyar da ake magana a kanta ta yi yawancin ƙuruciyarta a gonar shinkafar kakanninta. A ɓoye mahaifiyar ta shirya barin mijin da barin ƙasar gaba ɗaya. A 1955 ta ɗauki babban ɗanta da wannan 'yar mai shekara bakwai, suka shiga jirgin ruwa mai suna President Cleveland, a sashen da ya fi araha, can ƙasan jirgin. Ɗan ƙaramin, mai shekara uku, aka bar shi a hannun kakanni, saboda bai isa shiga makaranta ba, kuma babu wanda zai zauna da shi idan uwar ta fita nema. Sai bayan shekara biyu ya iso tare da kakannin.

A Honolulu ɗaki guda suka kama haya, su uku a gado ɗaya. Mahaifiyar ta samu aikin jera haruffa a maɗaba'ar Hawaii Hochi, jaridar da ake bugawa da Japananci a lokacin, da yamma kuma takan ƙara da wani aikin. Babu inshorar lafiya, don haka rashin lafiyar uwar na nufin rashin abinci a gidan. Yarinyar ta shiga makarantar gwamnati ba ta jin Ingilishi ko kalma. A 1959 ta samu takardar zama 'yar ƙasa, a shekarar da Hawai ta zama jiha ta 50 a Amurka.

## Gidan siyasar da ta taso a ciki, 1970 zuwa 1994

Ba za a gane faɗuwar 2002 ba sai an san yadda siyasar Hawai take. Kafin 1954, jam'iyyar Rifablikan da manyan kamfanonin rake guda biyar su ke juya tsibiran. A wannan shekara 'ya'yan leburorin gona, da yawansu tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙi, suka haɗa kai da ƙungiyoyin ƙwadago suka ƙwace majalisar yankin a ƙarƙashin tutar Dimokurat. Cikinsu akwai Daniel Inouye, wanda ya rasa hannunsa na dama a fagen daga a Italiya a 1945, ya kuma zauna a majalisar dattawa daga 1963 har rasuwarsa. John Burns, tsohon ɗan sandan da ya haɗa wannan tafiya, ya zama gwamna a 1962.

Daga nan wata al'ada ta kafu. George Ariyoshi mataimakin Burns ne, ya gaje shi. John Waihee mataimakin Ariyoshi ne, ya gaje shi a 1986. Ben Cayetano mataimakin Waihee ne, ya gaje shi a 1994. Duk wanda ya hau kujerar mataimaki, jama'a na kallonsa a matsayin mai jiran gado.

Ita kuwa ta gama sakandaren Kaimuki, ta yi digiri a ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Hawai da ke Manoa a 1970. Zanga-zangar adawa da yaƙin Biyetnam ce ta jawo hankalinta ga siyasa. Ta yi shekaru tana tafiyar da kamfen ɗin wasu, tana aiki a ofisoshin 'yan majalisar jiha, sannan ta tafi Jami'ar Georgetown a Washington ta karanta lauya, ta gama a 1978. Da ta dawo ta yi aiki a ofishin babban lauyan jiha. A 1980 ta tsaya da kanta, ta ci kujerar majalisar wakilan jiha.

Sau bakwai aka zaɓe ta, ta yi shekara 14 a majalisar. Daga 1987 zuwa 1992 ita ce shugabar kwamitin kare haƙƙin masu saye da harkokin kasuwanci, inda ake fama da dokokin inshora, bankuna da hayar gidaje. Aiki ne mai amfani ga talaka, amma ba ya fito da mutum a shafin farko na jarida. An san ta a cikin majalisa da iya rubuta doka da iya tattara ƙuri'un abokan aiki. A waje kuwa, ba a san ta da dogon jawabi ba. A littafin tarihin rayuwarta da ya fito a 2021, ta bayyana da kanta cewa tarbiyyar da ta samu da yanayin siyasar wancan zamani sun koya mata yin aiki shiru, ta bar maza su yi magana.

## Kujerar mataimakiya, 1994 zuwa 2001

A Hawai mai neman mataimakin gwamna shi ma yana shiga zaɓen fidda gwani da ƙafarsa, sai bayan ya ci a haɗa shi da ɗan takarar gwamna. Ta ci nata a 1994, aka haɗa ta da Cayetano, suka yi nasara. Sun karɓi jihar a mummunan lokaci. Tattalin arzikin Japan ya durƙushe a farkon shekarun 1990, kuɗin da Japanawa ke zubawa a otal-otal da filayen Hawai ya janye, gonakin rake na rufewa ɗaya bayan ɗaya, guguwar Iniki kuma ta ragargaza tsibirin Kauai a 1992. Yayin da sauran Amurka ke cikin wadata, Hawai ta yi kusan shekara goma tana jan ƙafa.

Alamar farko ta bayyana a 1998. Linda Lingle, magajiyar garin Maui 'yar Rifablikan, ta tsaya wa Cayetano, ya sha da ƙuri'a dubu biyar da 'yan kai, kusan kashi 1 cikin ɗari. Lingle ba ta koma gida ta zauna ba. Ta karɓi shugabancin jam'iyyarta a jihar, ta yi shekara uku tana gina ta, tana tara kuɗi da sunayen magoya baya.

A watan Afrilun 2001 malaman makarantun gwamnati da na jami'ar jihar suka fara yajin aiki tare a rana guda, karatu ya tsaya cak daga firamare har jami'a. Yajin malaman makarantu ya ɗauki kusan mako uku. Mataimakiyar gwamna ta nuna goyon bayanta ga malaman a fili, abin da ya ɓata tsakaninta da gwamnan. Bayan wata biyar aka kai harin 11 ga Satumba, jirage suka daina cika, otal-otal suka sallami ma'aikata. Jihar da ke rayuwa da 'yan yawon buɗe ido ta sake shiga wani hali. Ga kuma wasu zaɓaɓɓun 'yan Dimokurat na birnin Honolulu da na jiha ana ta gurfanar da su a kotu kan almundahana.

## Shekarar da takarar ta lalace, Nuwamba 2001 zuwa Nuwamba 2002

Da farko kujerar gwamna take nema, bisa al'adar da aka ambata. Amma manyan jam'iyya da masu kuɗi sun karkata ga Jeremy Harris, magajin garin Honolulu. Dokar Hawai ta ce mai riƙe da muƙami sai ya sauka kafin ya nemi wani, don haka idan Harris ya tsaya, kujerarsa za ta zama fanko. A watan Nuwamban 2001 ta janye daga takarar gwamna, ta ce magajin gari take nema.

Wannan shi ne mataki na farko da aka gwada, kuma a lissafin lokacin yana da hujja: kauce wa rigimar cikin gida, da neman kujerar da ke mulkin tsibirin Oahu, inda mafi yawan mutanen jihar suke. Sai dai duk lissafin ya rataya ne a kan shawarar mutum guda. Hukumar sa ido kan kuɗin kamfe tana binciken gudummawar da aka bai wa kamfen ɗin Harris, ƙuri'ar jin ra'ayi kuma ta nuna Lingle ta yi masa nisa. Ranar 30 ga Mayu 2002 ya janye, ya ci gaba da zama a kujerarsa. Zaɓen magajin garin da take shiri dominsa ya gushe ke nan.

Ta dawo takarar gwamna, saura ƙasa da wata huɗu a yi zaɓen fidda gwani. Wasu magoya bayanta sun riga sun yi alkawari a wani wurin, asusun kamfe ba nauyi, abokan hamayya kuma sun samu abin faɗa: wadda ta nemi gwamna, ta koma magajin gari, ta sake dawowa gwamna, me take nema in ban da kujera? A cikin jam'iyya ta tarar da Ed Case, ɗan majalisar jiha mai kiran a yi gyara, wanda ya gina kamfensa kan cewa tsohon tsarin Dimokurat ya gaji. Ranar 21 ga Satumba ta ci da kashi 41 cikin ɗari, Case na da kashi 40, ratar ƙuri'a kusan 2,600.

Kwana 45 suka rage kafin babban zaɓe. Bayan mako guda, ranar 28 ga Satumba, Patsy Mink ta rasu. Mink ita ce mace ta farko wadda ba farar fata ba da ta shiga majalisar dokokin Amurka, a zaɓen 1964, kuma uwa ce a siyasa ga matan Dimokurat na Hawai, har da wannan 'yar takara. Jam'iyya ta shiga makoki a daidai lokacin da take buƙatar haɗa kai.

Dabarar da aka bi a waɗannan makonni shida ita ce tsohuwar dabara: a tara ƙungiyoyin ƙwadago, a tuna wa jama'a 1954, a fito da dattawan jam'iyya, a cika bakin titi da masu ɗaga kwalaye. Wannan na ƙarshe al'adar Hawai ce, domin jihar ta haramta manyan allunan talla tun 1927, don haka 'yan takara kan tsaya a gefen hanya da sassafe suna ɗaga wa masu motoci hannu. Ratar ta ragu sosai, amma ba ta rufe ba. Lingle na da kuɗi fiye da nata, tana da saƙo guda mai sauƙi na sabon farawa, ta kuma ɗauki Duke Aiona, tsohon alƙali ɗan asalin tsibiran, a matsayin mataimaki. Ita kuwa mataimakiyar gwamna tana tsaka mai wuya. Idan ta kare gwamnatin da ta yi shekara takwas a ciki, ta ɗauki laifinta. Idan ta nesanta kanta, a tambaye ta ina take duk tsawon wannan lokaci.

Sakamako: Lingle kashi 51.6, ita kashi 47, ratar ƙuri'a dubu 17 da 'yan kai. Wannan ne karo na biyu a tarihin Amurka da manyan jam'iyyun biyu suka tsayar da mata a takarar gwamna, bayan na jihar Nebraska a 1986.

## Shekara huɗu babu kujera, 2003 zuwa 2006

Wadda ta sha kayen ba ta bar jihar ba, ba ta kuma bar jam'iyya ba. Ta kafa wani asusun tallafa wa matan Dimokurat masu neman muƙaman jiha, ta sa masa sunan Patsy Mink. A ƙa'ida taimakon wasu take yi, amma wannan aiki ya sa ta ci gaba da hulɗa da masu ba da gudummawa da 'yan takara a duk tsibiran. A 2006 ba ta nemi sake karawa da Lingle ba. Wanda jam'iyya ta tsayar ya sha mummunan kaye, Lingle ta samu kashi 62 da ɗoriya, ta lashe kowace gunduma.

Ƙofar ta buɗe ta wani gefen. Ed Case, wanda ya gaji kujerar Mink a majalisar wakilan tarayya, ya bar ta domin ya ƙalubalanci Sanata Daniel Akaka, dattijon da jama'ar Hawai ke matuƙar girmamawa. Akaka ya kayar da shi a zaɓen fidda gwani, manyan jam'iyya kuma ba su manta masa da wannan ba. Kujerar da ya bari ita ce mazaɓa ta biyu, wadda ta haɗa karkarar Oahu da dukkan sauran tsibiran. Mutum goma suka nemi tikitin Dimokurat, cikinsu har da Colleen Hanabusa, jigo a majalisar dattawan jiha, da wani matashi Brian Schatz.

Tsohuwar mataimakiyar gwamna ta shiga sahun goman. Ta fi su suna da kuɗi, amma tana ɗauke da tabon wadda ta zubar da kujerar shekara 40. Ranar 23 ga Satumba 2006 ta ci da kusan kashi 22 cikin ɗari. Tsakaninta da Hanabusa ƙuri'a 844 ne kacal. Da ƙyar na sha ya fi da ƙyar aka kama ni. A babban zaɓe ta doke Bob Hogue na Rifablikan da kashi 61.

## Majalisar wakilai, 2007 zuwa 2011

Ta shiga majalisa a Janairun 2007, ita da Hank Johnson na jihar Jojiya suka zama mabiya addinin Buda na farko a majalisar dokokin Amurka. Ta zauna a kwamitin ilimi da ƙwadago da na sufuri, ta mai da hankali kan karatun yara kafin firamare, batun da ta fara tun tana mataimakiyar gwamna. An sake zaɓenta a 2008 da 2010, kowane karo da sama da kashi 70. Mazaɓar ta tilasta mata yawo tsakanin Maui, Kauai, Molokai, Lanai da Babban Tsibiri, wato har cikin yankin da Lingle ta fara siyasarta.

A wannan tsakanin farin jinin abokan hamayyarta biyu ya ragu. A 2008 Lingle ta hau mumbarin babban taron Rifablikan ta yabi Sarah Palin, 'yar takarar mataimakiyar shugaban ƙasa ta jam'iyyar, a shekarar da Barack Obama, haifaffen Honolulu, ke neman shugabancin ƙasa. A 2009 matsin tattalin arziki ya sa aka riƙa rufe makarantun gwamnati a wasu ranakun Juma'a, kwana 17 a shekarar karatu guda, iyaye da yawa kuma suka ɗora laifin a kan gwamna. Shi kuwa Case, a zaɓen cike gurbi na Mayun 2010 ya raba ƙuri'un Dimokurat da Hanabusa, ɗan Rifablikan Charles Djou ya wuce ta tsakaninsu.

## Karo na biyu, Maris 2011 zuwa Nuwamba 2012

A farkon Maris 2011 Akaka ya ce ba zai sake tsayawa ba. Case ya bayyana takararsa a Afrilu, ita a Mayu, Lingle a Oktoba. Mutum ukun da suka fafata a 2002 sun sake haɗuwa.

Wannan karon ta fito wata 18 kafin zaɓe, kujera ɗaya ta nufa, ba ta waiwaya ba. Inouye ya nuna ita yake so, ƙungiyoyin ƙwadago da na mata suka bi. An kuma matso da zaɓen fidda gwani daga Satumba zuwa Agusta, saboda dokar tarayya da ta wajabta aika wa sojojin da ke ƙasashen waje takardun ƙuri'a da wuri. Ranar 11 ga Agusta 2012 ta doke Case da kashi 58 a kan 41, ta kuma samu kwana 87 na shirin babban zaɓe, kusan ninki biyu na abin da ta samu a 2002.

Abu biyu suka bambanta kamfen ɗin da na baya. Na farko, labarin mahaifiyarta ya dawo tsakiyar magana: jirgin ruwa, ɗaki guda, aiki biyu, rashin inshora. A jihar da kusan kowane gida ke da kaka ko kakan da ya zo aikin rake daga Japan, Filifin, Sin, Koriya ko Fotugal, wannan labari na kowa ne, kuma ya ba da amsar tambayar da aka yi mata shekara goma baya, wato me take nema. Na biyu, ta mayar da zaɓen ya zama na wace jam'iyya za ta riƙe majalisar dattawa, inda Dimokurat ke da kujera 53 a kan 47. Lingle ta gabatar da kanta a matsayin mai sassaucin ra'ayi da za ta yi aiki da kowa, ta tara kuɗi masu yawa, har tashar talabijin ta kanta ta buɗe domin kamfe. Amsar da aka riƙa ba ta ita ce ƙuri'arta ta farko a Washington za ta tafi ne ga shugabancin Rifablikan. Don toshe zargin cewa 'yar takarar Dimokurat ba ta iya aiki da 'yan adawa, kamfen ɗinta ya fitar da wani bidiyo inda Don Young, ɗan Rifablikan daga Alaska, ya zauna kusa da ita yana yaba mata. Su biyun sun taɓa haɗa kai wajen kare kuɗin ilimin 'yan asalin Hawai da na Alaska.

Ranar 6 ga Nuwamba 2012 ta samu kashi 62.6, Lingle kashi 37.4. A wannan rana Obama ya samu sama da kashi 70 a jihar. Ta yi rantsuwa ranar 3 ga Janairu 2013: mace ta farko da ta wakilci Hawai a majalisar dattawa, mace ta farko 'yar asalin Asiya a zauren, kuma mutum na farko haifaffen Japan da ya zauna a cikinsa. Inouye bai ga wannan rana ba, ya rasu ranar 17 ga Disamba 2012.

## Bayan nasara, 2013 zuwa 2024

A 2013 tana cikin kwamitin shari'a lokacin da aka tattauna babban ƙudirin gyaran dokar shige da fice. Ta yi ta jayayya cewa tsarin ba da maki bisa ilimi da ƙwarewa zai danne matan da ƙasashensu ba su ba su damar karatu ba, kuma rage bizar 'yan'uwa zai raba iyalai. Ƙudirin ya wuce a majalisar dattawa da ƙuri'a 68 a kan 32, majalisar wakilai ta ƙi ko duba shi.

A Mayun 2017 aka gano tana da kansar ƙoda a mataki na huɗu. Aka cire mata ƙoda ɗaya, bayan 'yan makonni aka sake yi mata aiki a haƙarƙari. A daren 27 ga Yuli ta tsaya a zauren majalisa lokacin da ake shirin kaɗa ƙuri'ar soke wani ɓangare na dokar inshorar lafiya ta Obama. Ta ambaci 'yar'uwarta da ta rasu a Japan, ta tuna wa sanatocin Rifablikan irin tausayin da suka nuna mata da suka ji ciwonta, ta tambaye su ina wannan tausayi yake a daren nan. Ƙudirin ya faɗi da ƙuri'a 49 a kan 51, bayan John McCain, Susan Collins da Lisa Murkowski sun ƙi bin jam'iyyarsu.

Daga nan muryarta ta canza. Tun farkon 2018 duk wanda aka kawo gaban kwamitinta domin tantancewa sai ta tambaye shi ko ya taɓa cin zarafin wani ta hanyar lalata tun da ya girma, ko an taɓa hukunta shi a kan haka. A rikicin naɗin Brett Kavanaugh alƙalin kotun ƙoli, wanda aka zarga da cin zarafi ta hanyar lalata, sanatar ta ce wa mazan ƙasar su yi shiru su tashi su yi abin da ya dace. Masu sukarta suka ce ta yanke hukunci tun kafin a saurari kowa, aka kuma tabbatar da Kavanaugh da ƙuri'a 50 a kan 48. A Nuwamban wannan shekara ta sake cin zaɓe da kashi 71.

A Maris 2021 wani ɗan bindiga ya kashe mutum takwas a yankin Atlanta, shida cikinsu mata 'yan asalin Asiya. Ƙudirin da ita da Grace Meng ta majalisar wakilai suka gabatar kan laifukan ƙiyayya na zamanin korona ya wuce da ƙuri'a 94 a kan 1, Shugaba Joe Biden ya sa masa hannu ranar 20 ga Mayu. Mahaifiyarta ta rasu a Afrilun wannan shekara. Ranar 5 ga Nuwamba 2024, shekara 22 daidai da ranar kayenta, aka zaɓe ta karo na uku tana da shekara 77.

## Hukunci

Kayen 2002 na da iyaye biyu. Ɗaya gado ne: gajiyar jama'a da jam'iyyar da ta yi shekara 40, tattalin arziki mai rauni, da shari'o'in da ba ta da hannu a cikinsu. Wataƙila duk wanda Dimokurat ta tsayar a wannan shekara zai sha wuya. Ɗayan kuma nata ne. Janyewar Nuwamban 2001 ta cinye mata wata shida da amincewar mutane, ta kuma ɗaura makomarta a ƙafar wani. Ba a fafe gora ranar tafiya, ita kuwa ta fafe nata ne a gaban matar da ta yi shekara huɗu tana shiri. Da ratar ƙasa da kashi 5, ina ganin waɗannan watanni shida sun isa su zama bambancin.

Nasarar 2012 ma bai kamata a jingina ta duka ga ƙwazonta ba. Lingle ɗin da ta samu kashi 62 a 2006 ita ce ta samu kashi 37 bayan shekara shida, kuma ba wata mace daban ta zama ba. Mutanen Hawai na iya bai wa ɗan Rifablikan gwamna don ya gyara musu gida, amma tun bayan Hiram Fong, wanda ya sauka a 1977, ba su sake tura ɗan wannan jam'iyya majalisar dattawa ba. Ga Obama a kan takardar ƙuri'a, ga Inouye a bayanta. Abin da za a yaba mata shi ne ta gane wace kujera ce ƙasar ta dace da ita, ta fito da wuri, ta kuma yarda ta buɗe bakin da ta yi shekara 30 tana rufewa. Ni dai wannan na ƙarshe ya fi taɓa ni, domin labarin jirgin ruwan nan yana tare da ita tun 1955, kunya da tarbiyya suka hana shi zama jigon maganarta har ta haura shekara 60.

Amma in za a nuna wuri guda da lamarin ya juya, 2006 ne. Wadda ta yi shekara takwas tana ta biyu a jiha ta ƙi biye wa zuciya ta nemi ramuwa a kan Lingle, ta sauko ta shiga layi da mutum tara, wasunsu ƙannen bayanta a siyasa, tana neman kujerar rabin jiha. Daga wannan kujera ta samu shekara shida na cin zaɓe a jere, da sanin tsibiran waje, da suna a Washington. Da mutum 423 cikin waɗanda suka zaɓe ta ranar 23 ga Satumba 2006 sun dangwala wa Hanabusa, da ta tashi da kaye biyu a jere tana da shekara 58, kuma da wuya jam'iyyar ta sake ba ta tuta a 2012.